Gahawa Mai Gishiri a Gidan Alhaji Sakib

Kasuwar Carshiya, Sarajevo
Talata, bayan La'asar

Zuwa ga Belkisa, hasken idona, sanyin ƙirjina kuma wutarsa; farar tattabarar da ta fi ƙarfin tsaba, ta fi ƙarfin tarko; furen tuffa a farkon bazara, ruwan ƙoramar dutse a tsakiyar Yuli, dusar ƙanƙarar kan dutsen Trebevic wadda ido ke gani hannu ba ya kaiwa! Zuwa ga mai jar lema, wadda ta fi duk 'yan jagoran baƙi na garin nan saurin ƙafa da kaifin baki, mai harsuna huɗu waɗanda ko ɗaya bai yi mini magana ba tun ranar Juma'a. Assalamu alaikum. Ki amsa ko da a zuci ne. Amsa sallama wajibi ne, wannan kam na karanta shi da idona.

Na san abin da kika yi kafin ki buɗe. Kin ɗaga ambulan kin haska a rana, kin girgiza kusa da kunne, kin shinshina. Kwantar da hankalinki, zumata. Babu kwaɗo a ciki, babu garin barkono, babu toka. Ni ne kawai a ciki, Irfan maƙerin tagulla, shago na uku a hannun hagu, kuma yau ko dariya ɗaya ban zo da ita ba. To, wataƙila biyu. Rubutun ne dai sai haƙuri, kamar tattabarun famfon Sebil sun taka tawada sun bi ta kan takarda. Ni da boko tun da wuri muka raba gari, kowa ya gode Allah. Abin da ya zauna a kaina shi ne na makarantar masallaci, wajen Malam Zeinil, shi ma da taimakon tsumagiya. Tunda kin toshe lambata, na ba Inna Fata mai sayar da tsabar tattabaru ta miƙa miki. Sarauniyar da kika ci sunanta tsuntsu ne ya kai mata wasiƙa. Ke sai ki yi haƙuri da mai ciyar da tsuntsaye.

Gishiri, Belkisa? Gishiri?

Tun kakannin kakanninmu a garin nan, idan manya suka hau gidan yarinya neman aure, ba baki ke ba da amsa ba, finjali ne. Ta dafa gahawa da sukari a ciki, an ba ku, a shafa Fatiha. Ta kawo ta da ɗacinta, ku shanye, ku yi godiya, ku nemi takalmanku, babu wanda ya ji kunya. Hanya biyu ce rak, mai hawa da mai gangara. Shekaru aru-aru mutane suna bin su lafiya lau, sai ke, 'yar Alhaji Sakib, kika zo kika fasa ta uku ta cikin daji, kika tura ni ciki ba fitila!

Kin ma san wahalar da na sha kafin dattawan nan su yarda su tashi? Da na gaya wa Mama, dariya ta yi har tana share ido da bakin mayafi, ta ce, “Wannan ta yi kyau, ɗan nan, wa za ka yi wa ita?” Na ce Mama, aure nake so. Ta ce, “Kalli idona.” Na kalla. Ta ce, “Haka ka kalle ni ranar da ka ce ana cigiyata a rediyo.” Sai da na yi alwala na dafa Alƙur'ani. Baffa Hamdo kuwa, wanda shi ne ubana tun rasuwar Baba, guduma ya ɗaga mini: “Kai ja'iri, in na hau tudun Vratnik da gwiwoyin nan na tarar wasanka ne, da wannan zan daidaita maka ƙeya.” Babanki ma sai da ya bugo waya ya ce, “Hamdo, tsakaninka da Allah, yaron nan da gaske yake, ko in na buɗe ƙofa akuya zan gani sanye da jar dara?” Kin ga rayuwata? Sau ɗaya tak na faɗi gaskiya a kasuwar nan, sai da aka nemi shaidu.

Ke kin ajiye tire kin fice, ba ki ga ƙarshen aikinki ba. Ni kuwa daga bakin Baffa na ji, kuma sau goma sha ɗaya ya ba ni labarin, kowane da sabon zagi. Ya ce sun zauna, shi da Malam Zeinil da babanki, an taɓa zancen sanyin bana, an taɓa na itacen hura wuta, an zagi 'yan ƙwallo, sannan ya gyara murya ya faɗi abin da ya kawo su. Sai ga ki da gahawa, kai a sunkuye kamar waliyyiya. Ya ce har ya tausaya miki a ransa, yarinya saliha haka za ta ƙare a hannuna. Ya kurɓa. Ya ce duniya ta tsaya cak. Ya dubi Malam, ya ga gemun Malam yana rawa. Ya dubi Alhaji, ya ga Alhaji ya ƙura wa rufin ɗaki ido kamar yau ya fara ganinsa. Baƙi suna jin nauyin kushe gahawar gida, mai gida yana jin nauyin tona asirin 'yarsa, haka dattawa uku, shekarunsu a haɗe sun haura ɗari biyu, suka zauna suna kurɓar ruwan teku suna cewa, “Masha Allah.” Har ƙasa suka shanye! Babanki ya ce, da murya kamar an shaƙe shi, “A ƙaro muku?” Baffa ya ce, “Alhaji, rufa mana asiri, mun ƙoshi.” Ba a shafa Fatiha ba, ba a kuma ce a'a ba.

A hanyar gangarowa suka kaure da gardama. Malam ya ce ba ta yi ɗaci ba, don haka ba a hana ba. Baffa ya ce ba ta yi zaƙi ba, don haka ba a bayar ba. Malam ya ce shekararsa arba'in yana raka masu neman aure, bai taɓa cin karo da wannan mas'alar ba, ko a littafi ko a finjali. Duk famfon da suka wuce sai Baffa ya kafa kai. Da suka iso Sebil ya ture wasu baƙi 'yan Koriya ya yi ta kwankwaɗa da hannu biyu, kwat ɗinsa ta zuwa biki tana jiƙewa, su kuma suka zagaye shi suna ta ɗaukar hoto, sun zaci al'ada ce. Mutumin da likita ya hana gishiri yau shekara shida!

Ranar Asabar babanki ya bugo ya ba da haƙuri, wai kin ce kuskure ne, gwangwanayen sun yi kama, a dawo Juma'a mai zuwa. Kuskure! Ke da kike riƙe da shekarar gina kowane masallaci da kowace gada a garin nan, ba ki taɓa zamewa da ɗaya ba, ke ce za ki kasa bambance sukari da gishiri a ɗakin girkin gidanku? Baffa ya ce zai koma, amma ya ɗaga mini yatsa: “Hawa ɗaya ya rage a gwiwar nan. In ba zaƙi, ka nemi wani uban.” Kuma kin san Baffa, ba ya maimaita magana, zagi kawai yake maimaitawa.

Na san daga ina gishirin nan ya fito. Kada ki zaci na manta.

Tun ranar da kika fara shigo da baƙi layin maƙera nake jan ki. Ni ne na gaya wa Jamusawanki agogon hasumiya ne daidai, nasu ne ya ruɗe a jirgi, har mutum biyar suka tsaya suna murɗa na hannunsu, alhali ko jariri a Carshiya ya san agogon nan ƙarfe sha biyunsa faɗuwar rana ce. Ni ne na ce kowace tattabarar Sebil tana da suna da takardar fansho. Ni ne na nuna wa mutum bakwai daban-daban kwanson harsashin da ya tayar da yaƙin duniya. Kullum ki biyo bayana kina gyara ɓarna da Turanci da Jamusanci da Larabci, sannan ki juyo da harshenmu ki ce, “Allah ya shirye ka, Irfan, ko ya mayar da kai wani gari.” Ni kuwa in wuni ina juya wannan addu'ar a bakina kamar alewa.

Sai ranar Larabar nan ta watan Yunin bara. Kika kawo mutum talatin 'yan Malesiya shagonmu don ki nuna musu yadda ake shan gahawa a garin nan. Na dafa wa kowa tasa, na dafa miki taki daban, da gishiri cokali biyu, kowane har da tozo. Na koma bayan kanta na toshe baki ina jiran ki fesar. Kika ɗaga finjali, kina bayani, kika kurɓa. Na ga ta sauka. Na ga idonki ya kawo ruwa, na ga wuyanki ya motsa. Ba ki tofar ba, ba ki tsaya ba, ko muryarki ba ta karkace ba. Kika ce musu a hankali ake shanta, ba a yi mata gaggawa, don gahawa hira ce. Kika sake kurɓa, kika sake, har ƙasa, kina murmushi, hawaye ɗaya yana gangarowa, wata dattijuwa a cikinsu tana cewa ku dubi yadda yarinyar nan ke son al'adar garinsu! Da za ku fita kika ajiye finjalin a gabana a hankali, kika dube ni sau ɗaya. Kika ɗauki lemarki kika fice.

Wayyo wannan kallo! Dariyar da na tanada ta mutu a maƙogwarona, har yau ban binne ta ba. Na ɗana tarko da hannuna, na zagaya na taka shi da ƙafata. Wane tsuntsu ne ya taɓa yin wannan wautar? Tun daga ranar guduma ta daina bin umarnina. In yi niyyar zana ganyen inabi a jikin tire, sai in ga girarki ta fito. Baffa ya ce wannan wane irin ganye ne, na ce sabon yayi ne daga Istanbul. Ke ce hazon safiya da ke kwanciya a kan kogi, in miƙa hannu ya watse. Ke ce ƙamshin burodin azumi da ke bin lungu yana azabtar da mai yunwa. Ke ce rumman da aka rataye a reshen da ya fi tsayi, ni kuma gajere, ba tsani, ba sanda, sai dogon wuya!

Amma babban laifina ba gishirin ba ne, kuma kwana huɗun nan da na yi ina zagaye gari kamar ɓataccen kare ne suka nuna mini shi. Kin tuna azumin da ya wuce, a kan Rawayar Ganuwa, jama'a sun cika ana jiran igwar shan ruwa, gari duk a shimfiɗe ƙarƙashinmu, hasumiyoyi kamar an soka allurai a cikin auduga? Kika raba burodinki mai habbatussauda biyu, kika miƙo mini rabi, kika ce, “Kada ka saba.” Maganar tana bakina, wallahi tana kan harshena, har na ja numfashi. Kika juyo kina jira. Igwa ta tashi, tsoro ya kama ni, sai na dafe ƙirji na zube ƙasa ina ihu an harbe ni. Baƙi suka yi dariya, ke ma kika yi. Amma na ga yadda dariyar ta sauka daga fuskarki da wuri, kamar rana a watan Disamba. Daga nan ban sake samun ƙarfin hali ba. Na tura gemu biyu su hau tudu su faɗa wa babanki abin da ni ban taɓa faɗa miki ba.

To ga shi a rubuce, da mummunan rubutu, ba igwa, ba 'yan kallo: ina son ki, Belkisa. Ina so ki aure ni. Ki juya takardar ki duba bayanta, ba abin da na ɓoye.

Yanzu ki gaya mini, me gishirin nan ke cewa? Da safe sai in ce ramuwa ce kawai, ta rama, an yi kunnen doki, zaƙi na tafe; in yi ta fito ina buga tagulla har maƙwabta su ce Irfan ya warke. Kafin Azahar sai wata zuciyar ta ce a'a, ta zaci wannan ma wasanka ne, shi ya sa ta amsa da wasa. Da La'asar kuwa sai babbar ta zo ta zauna mini a ƙirji kamar uwar maƙera: cewa take yi kai ko ɗaci ba ka cancanta ba, ɗaci na mutanen kirki ne da ake sallama da mutunci. Me 'yar jami'a za ta yi da mai buga tagulla wanda iyakar karatunsa izu biyu da rabi? Wannan tunanin ne ke tare mini abinci a wuya. Jiya aka ajiye mini tsire goma a cikin burodi, da albasa, yana turiri, na ci uku. Uku! Mai tsiren ya fito ya taɓa goshina.

Kuma kin canja hanya. Kada ki musa! Shekara biyu, ƙarfe goma da kwata jar lemarki ke shigowa layinmu, baƙi a bayanki kamar 'ya'yan agwagwa. Tun Asabar sai dai in ji labari kin zaga ta wajen masu sayar da darduma. Na bar shago a hannun Allah da Baffa na bi sawunki. Na je Sebil, Inna Fata ta ce yanzun nan kika tashi, tattabaru ma ba su gama sauka ba. Na ruga harabar masallacin Beg, sai takalman baƙi da sauran ƙamshin turarenki. Na tsallaka Gadar Latin, na dawo na tsaya a kusurwar da kike tsayawa ki nuna inda aka harbi yariman da kisansa ya tayar da yaƙin duniya, na ce ni ma a nan ya kamata a kafa mini allo. Na tsaya gaban Gidan Taurin Kai, na tuna yadda kike ba da labarin tsohon nan da ya ƙi tashi daga gidansa sai da hukuma ta kwashe gidan tubali-tubali ta tsallakar masa da shi kogi. Kullum idonki yana ƙyalli in kin zo wurin, ashe labarin danginku kike bayarwa! Jiya kuwa na hango jar lema tana shiga motar igiya mai hawa Trebevic. Na yanki tikiti na shiga ta baya, ina lilo a sama bisa kan itatuwa, ni da ko hawa benci ke sa ni jiri, ina karanto duk abin da Malam ya taɓa koya mini har da wanda bai koya ba. Na isa ƙoli, na bi lemar da gudu, na sha gabanta. Wani ƙaton Baturke ne mai gashin baki. Ya ce, “Lafiya, ɗan'uwa?” Na ce ina fa lafiya!

Sau uku a rana kike gaya wa baƙi duk wanda ya sha ruwan Sebil sai ya dawo Sarajevo, ko daga ƙarshen duniya ne. Mutanen Japan suna dawowa, Belkisa! Ke da layinmu bai fi taku arba'in daga famfon ba, me ya tare ki?

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, don duk na sama shimfiɗa ce.

Yau da hantsi kakarki Nana Zineta ta shigo shago, da sandarta, da tukunyar gahawar gidanku a cikin jaka, wai a sabunta mata kuzar ciki kafin Juma'a. Ta jira Baffa ya leƙa maƙwabta, ta jawo kunnena har ƙasa ta ce, “Angona, dube ka, ka rame kamar mariƙin tukunyar nan. Haka za ka mutu ka bar ni?” Na ce Nana, jikarki ce za ta kashe ni. Ta ce, “Rabu da ita, kan ubanta ta ɗauko, shi kuma na nasa uban, Allah ya jiƙansa, ya sha ni da gardama. Saurara. Ran Juma'a ina zaune gefen murhu kamar kullum, ina jan carbi, wa ke kallon tsohuwa? Da ta juya ɗauko finjalai, ƙwayar sukari huɗu zan jefa. Kafin ta farga an shafa Fatiha. Ni dai in ci shinkafar biki kafin a ɗauke ni, sauran faɗan ku ƙarasa a ɗakinku.”

Ba zan yi miki ƙarya ba, tunda na shiga wannan sabuwar sana'ar ta faɗin gaskiya: zuciyata ta yi tsalle har ta bugi rufin shago. Wane irin shiri ne wannan! Tsaf, ba inda zai yi yoyo. Ni kaina da na shekara ina tunani ba zan ƙago kamarsa ba. Har na sumbaci hannunta. Har na fara hango Baffa yana gangarowa baki har kunne, Mama tana kuka tana dariya, maƙera suna buga tire kamar ganga. Sai kuma na hango ki. Na gan ki tsaye bayan ƙofa, kina jin dattawa suna shafa Fatiha a kan amsar da ba ke kika bayar ba. Kuma na san ki: ba za ki kunyata babanki a gaban baƙi ba, ba za ki tona Nana ba. Shanyewa za ki yi kina murmushi. Wancan finjali ɗaya ne. Wannan kuwa rayuwa ce sukutum.

Na ce Nana, a'a. Ta ce, “Me ka ce?” Na ce a'a, kada ki jefa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Yau kuma waliyyi aka wayi gari da shi a layin maƙera? Wa ma ya tambaye ka? Hannuna ne, sukarina ne.” Ta ɗauki sandarta ta fice tana cewa samarin yanzu ba su da jini a jika. Tukunyar tana nan gabana, na gama mata aiki, tana ƙyalli kamar wata ɗan daren sha huɗu, ina ganin fuskata a ciki doguwa kamar ta doki.

Don haka, ya ke ƙwayar idona, ga ni na ci amanar mutum ɗaya tak da ke bayana a gidanku. Ran Juma'a ki duba aljihun Nana. Ki duba cikin hannun rigarta da ƙullin bakin mayafinta. Kada ki juya wa murhu baya. Ki jera finjalanki tun kafin ki ɗora ruwa. In ta ce ki miƙo mata ruwan sha, ki ce ta jira. In ta kama tari kamar za ta shiɗe, ƙarya ce, na san irin tarin, na sha yin sa. Kuma ki ɗanɗana da bakinki kafin tire ya fita. Abin da zai shiga bakin Baffa, ina so ya zama daga hannunki ya fito, ke kaɗai.

Kin san abin da nake roƙo. Zaƙi nake roƙo, gwiwa biyu a ƙasa, zaƙi ko da rabin ƙwaya ne, ko da abin da ya maƙale a jikin cokali ne! In kin ba ni, ba zan ce zan daina wasa ba, don kin san ƙarya ce. Amma duk wasan da zan yi, ke da ni za mu tsaya gefe guda muna dariya, ba ni a bayan kanta ke a gaban mutane ba. In kuwa ɗaci ne a ranki, ki kawo gahawar da ɗacinta, kanki tsaye. Baffa zai shanye ya yi godiya, ni ma in shanye nawa a nan. Ba zan tare ki a hanya ba, ba zan ɓata miki baƙi ba. Ki dawo da su layinmu, in nuna musu kaya in ja bakina in yi shiru. Abu ɗaya ne kawai ba zan iya ɗauka ba, shi ne wasa. Ni, Irfan, nake roƙon kada a yi mini wasa; ranar da Carshiya ta ji wannan, sai an rufe shaguna don dariya.

Ran Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, zan raka dattawan har ƙofar ganuwar Vratnik in tsaya a nan, tunda mai nema ba ya shiga. Zan zauna a kan dutsen bakin ƙofa, tsakanin masu ɗaukar hoto, in zuba wa hanya ido, in karanta amsarki daga tafiyar Baffa tun yana nesa. Kwana uku ne tsakani. Ban san yadda mutane ke iya yin kwana uku ba.

Naki in kin karɓa, naki in kin ƙi. Naki har kogin Miljacka ya juya ya koma kan dutse, har hannun nan ya kasa ɗaga guduma, har a wanke ni a ɗauka,

Irfan